Wasiƙa daga Landan a kan Sha'anin Doya

Landan, 20 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Malam Garba, a unguwar Bosso, Minna.

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da tumbin nan naka wanda na ga ya riga ka shiga hoto. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da sanyin da ya fara kunno kai, wanda kan sa mutum ya yi ta bitar hukuncin taimama kowace asuba.

Bayan haka, maƙasudin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa doya, wadda muka tashi muna yi mata kallon hadarin kaji, a ƙasar nan ta sami martabar da ko sarauniya sai haka. In ka je unguwar Fekam, inda mutanen Afirka suka yi kaka-gida, za ka ga mai kanti ya ɗauko ta da hannu biyu, ya ɗan yanke bakinta don ka shaida cikinta fari ne, ya ɗora ta a ma'auni, sa'an nan ya faɗi kuɗin da in ka juya shi zuwa Naira sai ka yi salati. Abin takaici kuma yawancinta ta Gana ce, alhali kuwa kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya a Nijeriya ake noma ta. Sakwara kuwa ta gari ce, a tuƙa ta a tukunya, domin duk wanda ya kuskura ya buga turmi a saman bene, kafin ya ɗaga taɓarya karo na biyu maƙwabcin ƙasa ya kira masa 'yan sanda.

Saboda haka na yi istihara, na ƙudura niyyar mu kafa gona, dukiya tawa, wahala taka, kamar yadda aka hukunta tsakanina da kai tun fil azal. Ka nemi hayar eka biyu wajen Paiko tun ƙasa da sauran laima. Kada ka nufi Shiroro, ko da yake Gwada kasuwar doya ce ta a zo a gani, domin 'yan bindiga sun hana manoman yankin sakat, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Ka kuma sami dattijo daga cikin Gwari masu ƙasa, waɗanda suka gaji wannan noma tun kafin jirgin ƙasa ya san hanyar Minna, shi zai tara ƙasa tudu-tudu, ya binne iri, ya sa wa kowane tudu hular busasshiyar ciyawa don kada rana ta dafa shi, in ya tsiro ya kafa masa sandar da yaɗo zai hau. Kai naka biyan 'yan ƙwadago da kame baki daga ba da fatawa.

Kada kuma zuciya ta raya maka cika jirgin ruwa zuwa Turai, domin gwamnatin tarayya da kanta, a watan Yuni na 2017, zamanin minista Audu Ogbeh, ta yi bikin tura doya Ingila da Amurka, sai ga labari cewa wata ta ruɓe kafin ta ga mai saye. Tamu a jera ta a rumfa mai shan iska har bazara ta sa ta yi tsada, manyan a sayar ƙwarya-ƙwarya a Kasuwar Kure, ƙananan kuma uwargida ta soya da yaji ga ɗaliban jami'a.

Amma fa ka sani, ya taubashina, babban abin da nake tsoro ba ƙwaro ba ne, ba kuma gafiya ba, dangi ne, waɗanda da zarar sun ji an ce kuɗin Landan ya sauka, sai bikin da aka ɗage ya taso, suna ya biyo baya, har iri ya bi ta tukunya alhali gona na jira. Wanda ya zo da buhu da sunan zakka, ka karanta masa cewa malamanmu na Malikiyya ba su wajabta ta a kan doya ba, sadaka kuwa muna yi in sha Allahu, amma bayan an haƙe. Kowane wata kuma ka aiko da hoto kana tsaye a cikin gonarmu, ba ta maƙwabci ba.

Kuɗin zai zo kashi-kashi, na haya da na iri da na ƙwadago, na biyu ba zai taso ba sai na ga takardar haya da sa hannun mai unguwa, kuma duka ta hannun Gwaggo za su biyo, wadda ita kaɗai ce a duniya na san kana tsoro.

Haza wasalam.

Naka har kullum,
Ilyasu