Ƙarshen Layi, In Ji Wa?

Tun da na tattara komatsaina na koma Ƙauran Namoda da zama, ina zuwa aiki Gusau ina dawowa, ban huta da karɓar jaje ba. Wani abokina Bakano har da kama mini hannu biyu yana "Allah ya ƙara haƙuri", sai ka ce wanda aka yi wa gobara. Ƙanwata da ke aure a Abuja kuwa tambayarta ɗaya ce: "Yaya, laifin me ka yi?" To, ku matso, ku da duk mai ra'ayinku cikin masu karatu, yau a yi ta ta ƙare.

Kun ce Ƙaura ƙarshen layi ce. Haka aka koya mana a firamare, ban musa ba: dogo ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Amma ƙarshe a wurin wa? Wanda ya hau daga Legas shi ke ganin ƙarshe. Kakanninmu da suke loda gyaɗa da auduga da fatu a tasha farkon layi suka sani. A wurinsu Legas ce ƙarshe, don daga can sai ruwa.

Hajiya 'yar Abuja, ɗauko alƙalami. Jirgin da kike taƙama da shi zuwa Kaduna a 2016 ya fara ɗaukar fasinja. Cire 1929, saura nawa? Shekara 87. Lokacin da ake busa usur a tashar Ƙaura, unguwar da maigidanki ke biyan hayar miliyoyi gonar doya ce. Kai kuma Malam Bakano, na ga bakinka yana motsi, za ka ce naku ya iso tun 1911. An ji. Yayyenmu ne ku a harkar, mun gaishe ku. Sakkwatawa da Katsinawa dai su yi shiru, manya na magana. Su jira na Maraɗi da ake shimfiɗawa, in ya so Katsinawa su zo mu koya musu yadda ake hawa.

Na san abin da za ku jefo: ina jirgin yake yanzu? Nan kam kun same ni. An daɗe ba a ji kukansa ba, awaki ke kiwo a kan dogon. Sai dai komai lalacewar masa ta fi kashin shanu.

Mu zo kan zirga-zirga, tunda nan kuke ganin wahalata. Tsakanin Ƙaura da Gusau kilomita sittin ne ko ƙasa da haka kaɗan. In hanya lafiya, kafin direba ya gama ba da labarin rikicin matansa biyu mun iso. Ke da ke zaune a Mararaba kina cewa Abuja kike (kuma Mararaba jihar Nasarawa ce, mu daina ɓoye-ɓoye), ƙarfe nawa kike fita? Kina sallar asuba da jaka a kafaɗa, ki kwashe awa biyu a cunkoso kina shaƙar hayaƙi, duk a kan tafiyar da ba ta kai rabin tawa ba. Ni kuwa in sha kunu a zaune, in gaida mahaifiyata, in bi ta gona in ga ko dawa ta yi bununi. Ba zan yi muku ƙarya ba, mu ma ana cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokaci da buhun albasa a kan cinya. Amma duk wanda ya matse ka a motar Ƙaura ka san kakansa, in ya taka ka kana da inda za ka kai ƙara.

Wannan sanin junan shi ne daɗin ƙaramin gari, kuma shi ne azabarsa. Ɗanka ya yi zazzaɓi da tsakar dare, kafin ka nemo mashin maƙwabci ya tayar da nasa. Ka sayi tsire a bakin tasha da magariba kuwa, kafin isha'i surukanka sun ji, har da na nawa ne. Mai bin ka bashi ba ya buga waya. Ya san sahun da kake tsayawa a masallaci. Bakano na iya shekara goma a Rijiyar Zaki bai san sunan mai gidan da ke jikin nasa ba, yana kiran abin wayewa. Mu nan wanda bai san maƙwabcinsa ba rubutu ake nema masa ya sha.

Kada kuma ku ɗauka mu kaɗai muke kallon junanmu. Tun 1983 akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura, wadda kowa ke kira Foli. Ta kawo mana Yarbawa da Ibo da Tibi da Nufawa, wasu sun gama sun tafi da Hausar Zamfara a baki. Na taɓa haɗuwa da wani Bayarabe a Ibadan, na gaishe shi, ya ce mini "Lahiya lau, mi kaka so?" Ban tambaye shi inda ya yi karatu ba.

To, yanzu ga abin da kuke ta zagaye-zagaye ba ku furta ba, bari in furta muku. 'Yan bindiga. A nan zan ajiye wasa kaɗan, don akwai gidajen da ba a dariya da wannan magana. Babu wanda ke zaune tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da bai san wanda aka ɗauka ba, ko wanda aka sayar da gona aka fanso, ko wanda bai dawo ba. Ƙauyuka sun watse sun shigo gari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, an hana cin kasuwannin mako, mutum ya yi tafiya mai nisa don kawai ya gaya wa ɗansa yana raye. Mun koyi dokokin da ba a rubuta ba: ba a sammako sai rana ta ɗaga an ga motoci suna fitowa daga ɗaya ɓangaren, ba a bari la'asar ta yi sanyi a hanya, in direban da ke tahowa ya kunna maka fitila sau biyu ka rage gudu ka ji ta bakinsa. Garuruwan nan ba su kori kowa ba. Hanyar da ke haɗa su aka ƙwace mana, ita da gonakin nesa. Kuma kafin wani ya ce shi ya tsira, ya tuna jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka tare a watan Maris na 2022. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da naku.

Abin da ke ba ni haushi, ba ku san Shinkafi da Zurmi ba sai a labaran ƙarfe bakwai. Bakano har yana cewa wai Zurmi daga zurmawa aka samo ta. Kai da ba ka taɓa wuce Tsafe ba! A ƙasar Zurmi Dutsi take, inda tarihi ya ce sarautar Zamfara ta fara kafuwa, kuma har yau mai garin Zurmi Sarkin Zamfara ake ce masa. Namodan da aka raɗa wa Ƙaura sunansa Ba'alibe ne daga wannan yanki, barden da ya yi wa jama'ar Shehu Usmanu yaƙi har aka ci Alƙalawa a 1808. Nan ne kuma garin Kassu Zurmi, makaɗin maza, wanda in ya saki kiɗa 'yan tauri da mafarauta ba sa iya zama. Narambaɗan da kuke kunnawa a mota kuna gyaɗa kai, rabin kalmominsa na wuce ku, mutumin Tubali ne, nan kusa da Shinkafi. Kuna son waƙarmu kuna tsoron garinmu.

Shinkafi kuwa ranar Alhamis ake ganin ta. Shanu da raƙuma da tumaki, Buzaye daga Nijar da rawunansu, manyan motoci a jere suna jiran lodin Kudu. Rashin tsaro ya rage mata armashi, gaskiya ne, amma naman da aka sa miki a miya a Abuja, Hajiya, ki tambaye shi inda ya fito, ƙila ya amsa da "awo". Garin ya ba Zamfara gwamna, Mahmud Aliyu Shinkafi, daga 2007 zuwa 2011. Ya ba Najeriya Marafan Sakkwato Umaru Shinkafi, wanda ya shugabanci hukumar tsaron farin kaya ta ƙasa. Ku duba ikon Allah, garin da ya haifi mai tsaron ƙasa yau shi ke roƙon a tsare masa hanya.

Saboda haka ga gayyata, da sharuɗɗanta. Ku taso ranar Laraba, ku shigo Ƙaura kafin la'asar. Sunan garin ma, a rubuce dai, shawara yake ba ku. Ku bar motar nan mai baƙin gilashi a Gusau, da shaddar da ke ƙara in ana tafiya. A nan mai kuɗi shi ya fi kowa kama da talaka, kuma yana da dalili. Za a ba ku hoce da tuwon dawa miyar sure, a dama muku hura, ba fura ba, da nonon da bai taɓa ganin firji ba. Da safe mu tambayi direbobi a tasha. In sun ce hanya ta yi, mu ci kasuwar Shinkafi; in sun yi shiru, mu zauna bakin gulbin Gagare ku ci gaba da yi mini jaje.

Malam Bakano, naka guzurin daban: ka zo da gammo. Kujerar tsakiya na kama maka, kusa da mai albasa.