Mai Shayi Bai San BODMAS Ba

Rubuta 500 + 3 × 200 ka miƙa wa masu digiri a majalisa, ka ja gefe. Wani zai bi daga hagu zuwa dama ya ce 100,600, har da rantsuwa. Amsar kuwa 1,100 ce, domin ninkawa ake fara yi kafin tarawa, sai fa in an killace tarawar cikin baka biyu. Mai shayi bai taɓa jin wannan ƙa'ida ta BODMAS ba, amma ka ci burodin naira 500 da ƙwai uku na 200-200, ka ga ko zai nemi dubu ɗari a hannunka. Da zai samu dai, ba zai ƙi ba.

Kaso cikin ɗari ya fi iya ɓad da sawu. A 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, aka yi ta cewa ai ɗan ƙarin biyu da rabi ne. Rabin harajin sukutum aka ɗora. Haka idan maigida ya zaftare kashi 20 daga albashinka na 100,000, daga baya ya "mayar" da kashi 20, 96,000 za ka karɓa, kuma yana jiran godiya.