Wasiƙa Daga Ƙasar Ƙanƙara Zuwa Ga Taubashina

Birnin Oulu, ƙasar Finlan,
25 ga Afrilu.

Zuwa ga taubashina, sarkin noma a baki.

Bayan tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Goggo, Allah ya ƙara mata nisan kwana, ina sanar da kai, tun da yake kai ba ka ga damar tambaya ba, cewa ina nan da raina, ban daskare ba, yatsuna kuma suna nan cif yadda na baro gida da su, alhamdu lillahi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne in yi maka albishir, goron kuwa na yafe don na san halinka, cewa hunturun ƙasar nan, wanda ya sauka mana tun watan Nuwamba ya ƙi tashi, ya fara ɗaure kayansa. Kai da kake ƙudundunewa cikin bargo biyu, ka rungumi kaskon wuta, ka ƙaurace wa wanka mako guda don iskar ɗari ta kaɗa a Haɗeja, ban san da wane harshe zan fahimtar da kai garin da sanyinsa kan kai awo 25 ƙasa da sifili ba, inda teku da kansa yake sandarewa har mutane su taka shi da ƙafa, su huda rami su zauna suna kamun kifi, inda kuma yinin Disamba bai cika awa 4 ba, ta yadda mutum zai sallame azahar, kafin ya ƙare lazimi la'asar ta shiga, kafin ya naɗe darduma magariba ta kawo jiki. Ka tuna sa'ad da muke karatun Ahalari a zaure, da muka iso inda aka lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ya halatta a yi taimama da su, ka ce wannan mas'ala ba ta da ranar amfani? To, ka nemi gafarar mai littafi, gama ɗan'uwanka a tsakiyar mas'alar yake kwana yake tashi.

Alamar farko ta sauƙi ita ce haske. Tun daga watan Maris yini yake ƙaruwa da kusan minti 7 kullum, har yau ga shi ya haura awa 16, kuma da rana ta fara yin ɗan ƙarfi sai indararo ya soma ɗiga, mutanen gari kuwa, waɗanda Allah ya hore musu ilimi da tsabta da riƙon amana amma ya rage musu magana, sai ka gan su tsaye a jikin bango, ido a rufe, fuska ta fuskanci rana, suna shan ni'imar awo 5 da khushu'in da ban taɓa ganin irinsa gare ka ba ko a daren ashirin da bakwai. Maƙwabcina, wanda duk tsawon hunturu gaisuwarsa ba ta wuce gyaɗa kai ba, shekaranjiya ya dube ni ya ce, "Rana ta fito." Ina fata nan da damina mu kai ga tambayar iyali.

Amma wanda yake son ganin ikon Allah sosai, sai ya shiga daji, kuma ba wuya, domin kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar nan kurmi ne, galibinsa itatuwa iri biyu masu ganye siriri mai tsini da ba ya kaɗewa, da na ukunsu mai farin ɓawo wanda suke kira koivu. Da sassafe, saboda abin da rana ta narkar jiya dare ya sake daskarar da shi, dusar ƙanƙara takan yi ɓawo mai ƙarfin da zai ɗauki ƙato ya yi tafiya a kai yana taƙama. Amma wanda ya shagala har hantsi ya ɗaga, to, komowarsa da nutsewa ce har cinya, taku bayan taku, yana istigfari. Ko wace bishiya za ka tarar ƙanƙara ta ja da baya daga gindinta ta bar da'ira, saboda duhun ɓawonta yana riƙe zafin rana. Na tsuguna gaban wani gidan tururuwa, wanda suka tara da busassun ganyayen nan har ya kai mini ƙugu, na ga saman tulin ya yi baƙi ƙirin da su, sun dunƙule suna motsi a hankali suna shan hantsi, wadda jikinta ya yi ɗumi sai ta gangara ciki ta kai wa 'yan'uwa zafin, wata ta maye gurbinta. Can sama kuwa maƙwaƙwafi yana ta buga busasshen reshe, yana shelar cewa wannan yanki nasa ne, kuma yana neman aure.

Sarkin dajin shi ne beyar, wanda mutanen nan suka ɗauka a matsayin dabbar ƙasarsu, wanda yakan shige rami tun wajen Oktoba ko Nuwamba, ba ci, ba sha, ba fita ban-ɗaki, sai Maris ko Afrilu. Macen kuma a cikin ramin take haihuwa a tsakiyar hunturu, ɗan da nauyinsa da ƙyar ya kai rabin kilo. In ya farka a rame, tururuwan nan masu zumunci suna cikin abin da yake fara karya kumallo da su. Da aka ba ni labarinsa na ce, in ban da As'habul Kahafi, waɗanda nasu barcin aya ce, mutum ɗaya na sani da zai iya karawa da shi, sai dai shi beyar alƙalami bai hau kansa ba, ba ya da ramuwar asuba.

Zomon dajin nan fari fat yake yin hunturu, yanzu ya fara rikiɗa zuwa ruwan ƙasa, kuma in ƙanƙara ta riga shi tafiya sai ya zauna a fili da farar rigarsa, dila da mujiya suna yi masa barka da ado. Akwai kuma wasu kajin daji baƙaƙe, masu jan tozo a saman ido da farin gashi a ƙarƙashin wutsiya, waɗanda zakarunsu kan taru da asubar fari a fadamar da ba ta gama narkewa ba, su baza wutsiya, su kumbura wuya, suna guɗa suna tsalle suna kai wa juna sara, matan kuwa su zo su zaga cikin natsuwa su zaɓi gwani, sauran su watse da kumburin wuyansu. Ita kuwa koivu, da ƙasa ta saki, kafin toho ya buɗe, mako biyu ko uku ana huda ta da izinin mai daji a tari ruwanta, garau, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai; na sha, halal ne, kada ka je ka ƙara wa labarin gishiri a gaban Goggo.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta shafe ka. Kudu da garin nan kaɗan akwai bakin ruwa mai suna Liminka, matattarar tsuntsaye, inda manyan fararen agwagin ruwa masu dogon wuya suka riga suka sauka tun ƙanƙara ba ta gama barin ruwan ba, ana kuma jiran sauran a watan gobe, har da tsattsewa. Cikin waɗanda ake jira akwai tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu, masu launin toka, da kuke gani garke-garke da rani a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi suna tsintar shinkafa. To, ka sani irinsu a fadamun arewacin duniya ake ƙyanƙyashe su, har da na ƙasar nan. Wurinku cin rani suke zuwa, su keto Sahara da Bahar Rum, tafiyar fiye da kilomita 5,000, ba fasfo, ba biza, ba layi a ofishin jakada. Namijin, wanda kuka sani cikin tufafin talaka, in ya iso nan sai ya fito da wani tulin gashi a wuya, wani fari, wani ja, wani baƙi, yana hura hanci kamar ɗan cin ranin da ya komo ƙauye da sabuwar malum-malum. Mutanen nan da tabarau mai jawo nesa suke fita tarbarsa, suna rubuta ranar isowarsa a littafi, kai kuwa da gwafa kake korarsa. Saboda haka ina shawartarka ka sassauta masa, ka lissafa abin da ya ci cikin sadakarka, wadda na san ba ta yi yawan da za ta ƙi ƙari ba, domin yadda ka riƙi baƙonsu, ina tsoron haka za su riƙi naka.

Abin da ya rage, an ce mini da zarar ƙanƙara ta ƙare sauro zai fito rundunarsa a watan Yuni, kuma dare zai ƙi yin duhu, don haka ka tambayar mini Malam hukuncin lisha da asuba a garin da shafaƙi ba ya ɓacewa, ka rubuto amsar da hannunka, kada ka ba tsuntsu saƙo. In an sami mai tahowa, a haɗo mini yaji da daddawa da kuka, kilishin kuwa kada a biyo da shi ta hannunka. Ka gai da Goggo, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, ka gai da amarya da haƙurin zama da kai, da yara, da dukkan mutanen zaure.

Wassalam. Ni ne ubangidanka, ko ka yarda ko kada ka yarda,
Taubashinka na Finlan.