Fitilar Hazo a Bayan Tsohuwar Mota

Fitilar hazo ta baya jar fitila ce da ta fi danjar mota haske, ana kunna ta idan gari ya rufe don na baya ya san akwai mutum a gabansa. A Ingila doka ta wajabta ta ga motocin da suka fara hawa titi daga 1 ga Afrilun 1980. Wadda ta girmi wannan rana an ɗauke mata, wadda kuma ta haura shekara 40 galibi ba a neman ta wurin gwajin shekara-shekara. Can tsohuwar mota 'yar lele ce, sai ranar hutu ake fito da ita ta sha iska.

A hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram kuwa, tsufa ba ya ba mota hutu. Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, idan tana da sauran numfashi buhunan hatsi take ɗauka, da akuya a but. Takardar lafiyar mota tana hannun direba, jami'in duba motoci kuma kan nemi birki, taya da sigina. Hazon hunturu dai ba ya karanta takarda.

Murfin danjar da ya fashe, jar leda da salatif ke maye gurbinsa. Idan ƙwan ya mutu, yaron mota ya ɗan mari gefen, wani lokacin ya farfaɗo. In motar ce ta mace cikin hazo, sai a karyo ganye a jera bisa kwalta. Shi kam ba ya cin batir, sai dai awakin bakin hanya kan cinye shi kafin bakanike ya iso.