Yadda Ake Gaisawa da Jitar Bes Mai Tsada

Kafin ka taka ƙofar kantin kayan kiɗa, ɗan'uwa, kwance bel ɗinka, cire agogo, ka wanke hannu da sabulu, musamman idan ka biyo ta wurin mai tsire. Jitar bes mai tsada tana yafe wa makaɗi kuskuren yatsa, amma bayanta ba ya manta kan bel, kuma mai kanti yana hango ƙarzane tun bai faru ba. Idan ya miƙo maka ita, karɓa da hannu biyu. Kada ka tambayi kuɗinta tukuna. Wannan tambaya sai a zaune ake yin ta, a kan kujera mai majingina.

Fara da kallo, kuma ka daɗe kana yi. Kusan duk bes ɗin da ke rataye a bangon nan jikokin wadda Leo Fender ya fitar ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1951, ya sa mata suna Precision. Kafin zuwanta, mai kiɗan bes yana fama ne da wani ƙaton akwatin katako mai tsayin mutum, ga wahalar ɗauka, ga ganguna da ƙahonni suna danne masa murya. A 1960 Fender ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya da karkataccen ƙugu. Koyi bambance su daga nesa, don a nan mai kanti zai auna ka: Precision tana da maganaɗisu ɗaya da aka raba gida biyu a ƙarƙashin tsirkiyoyi, Jazz kuwa nata biyu ne, dogaye sirara. Juya ta a hankali haske ya bi fentin nan da ke farawa rawaya a tsakiya, ya nuna ya yi ja, ya ƙare baƙi a gefe. Idan ta aikin hannu ce, irin waɗanda Fodera ke sassaƙawa a Brooklyn tun 1983, sau da yawa ba a rufe katakon da launi, ana barin zanen da Allah ya yi masa ya fito fili. In ka ga katako mai duhu da ake kira wenge, ko jan nan bubinga, gaishe shi da kyau. Maƙwabci ne, daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kwango ya yi ƙaura.

Za ka iya cin karo da wata wadda fentinta ya goge a inda hannu ke kwanciya, ƙarafunanta sun dusashe, gefenta duk tabo. Kul, kada ka ce a yi maka ragi. Tun tsakiyar shekarun 1990 Fender ke da ƙwararrun da aikinsu shi ne tsufar da sabuwar jita da gangan, kuma kuɗi ake ƙarawa a kan kowane tabo.

Yanzu rataya ta a kafaɗa. Nauyinta kamar kilo huɗu ne, wanda ba komai ba ne a minti biyar na farko, sai an yi awa uku a kan dandamali kafaɗa ke faɗin ra'ayinta. Saki hannuwanka duka biyu ka gani. Idan kanta ya sunkuya yana neman ƙasa, kai za ka riƙa tallafe shi har ƙarshen zamanku. Ta kirki tana tsayawa inda ka bar ta. Sai ka bi gefen wuyan da yatsa tun daga sama har ƙasa. Inci 34 ne tsakanin inda tsirkiya ta fara rawa da inda ta hau jaki, kuma a wannan tafiya bai kamata bakin ko ɗaya daga ƙarafunan da aka gitta a wuyan ya karce ka ba. Ni a ganina nan ne kuɗin ke shiga, ba a ƙyalli ba: wani ya zauna da zarto ya bi ƙarafunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya murje gefen katako har tafin hannu ya ji kamar sun daɗe da sanin juna, ya sauke tsirkiyoyi kusa da wuya yadda ɗan dannawa kaɗan ya isa, ba tare da sun yi zizar ƙarfe ba.

Kada ka yi gaggawar jona waya. Ja babbar tsirkiya ita kaɗai ka saurara da cikinka, domin katako mai kyau yana rawa a jikin haƙarƙari ya daɗe bai mutu ba. Bayan nan ka jona ta da amfilifaya. Wannan tsirkiya tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, idan kuwa bes ɗin mai tsirkiya biyar ce, ta ƙasan tana sauka zuwa wajen 31. Sifikar wayar hannu ba ta da ƙirjin ɗaukar wannan, saboda haka wanda ya ce ya saurari jitar a waya bai ji bambanci ba, gaskiya ya faɗa, ba a ba shi komai ya ji ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambarin sarki ranar hawa ya san sautin da ƙirji ke riga kunne ji.

Shaiɗan zai raya maka ka fara marin tsirkiya da babban yatsa. Larry Graham ya ƙirƙiro wannan salo ne lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya mai da yatsansa ganga. Shi yana da uzuri. Kai an ba ka minti biyu, saboda mai kantin ya sha mari tun safe. Sauran lokacin ka kaɗa sauti ɗaya, ka riƙe shi, ka ji yadda yake buɗewa da yadda yake lafawa, sannan ka bi wuyan kaf kana neman gurbin da sauti ke mutuwa da wuri. James Jamerson, wanda ya ɗauki nauyin waƙoƙin Motown a Detroit, da yatsa ɗaya yake ja, kuma tsirkiyoyinsa sukan shekara da shekaru bai sauya ba. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley ya san inda zai yi shiru, har shirun ya zama abin rawa. Jaco Pastorius kuwa cire ƙarafunan wuyan tasa ya yi, ta koma tana waƙa kamar maƙogwaro, kuma faifansa ne Richard Bona ya ji a Duwala ya rungumi bes. Wannan aikin tiyata ba a kanti ake yin sa ba, ba kuma a makon farko ba.

Leƙa bayanta. Idan akwai ɗan murfi, tana cin batir mai bolt 9, kamar StingRay ta Music Man da ta fito a 1976. Ajiye na ko-ta-kwana a akwati, ka riƙa zare waya in ka gama, don batirin ba ya mutuwa sai zauren ya cika.

To, yanzu zauna ka tambayi kuɗi. Dubban daloli ne. A gida za a so sanin dalilin da jita mai tsirkiya huɗu ta fi mai shida tsada. Kada ka yi musu. Gayyato su wurin wasa, idan rawa ta yi rawa ka ɗaga hannunka daga tsirkiya, su ga yadda ƙafafun jama'a ke rikicewa kowa yana waige bai san abin da ya ɓata ba.

Idan hunturu ya shigo, katakon wuya yana tsukewa, bakin ƙarafunan nan da aka murje su leƙo waje. Mayar da ita akwatinta duk dare, kada ta wuni a but ɗin mota, kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuyan rubu'i-rubu'in zagaye ake murɗa ta, ko ka bar wa gwani. Sannan rubuta lambarta a takarda ka adana. Paul McCartney ya sayi bes ɗinsa ƙirar Höfner a Hamburg a 1961, aka sace ta daga cikin mota a Landan a 1972, sai a 2024 aka ba da sanarwar ta dawo hannunsa, bayan duniya ta taya shi cigiya. Taka cigiyar, kai da mai unguwa za ku yi ta.