Yadda za ka kama ƙarar da ke wasan ɓuya a amfilifayarka

Amfilifayar da ka haɗa da hannunka, mai kwalabe irin na rediyon kakanni, tana da wani hali mai ƙona rai. A ɗaki lafiya lau take. Ranar da aka kai ta walima a Lajawa, malam na buɗe baki sai ta fara ƙaraf-ƙaraf. Ka ɗaure ta a babur zuwa Wudil wurin mai gyara, tana isa ta zama ta Allah, kamar yaron da zazzaɓi ya saki a ƙofar asibiti.

Da farko dai, ka daina marinta. Marin yana aiki, kowa ya shaida, amma abin da yake gaya maka shi ne wani abu ya yi sako-sako a ciki, kuma kowane mari ƙara kwance shi yake yi. Aljanu ma a sallame su, ba su da hannu a wannan magana.

Ka jira ƙarar ta zo, ka murɗe maɓallin sauti har ƙasa. In ta ɗauke, ɓarawon yana gaban maɓallin: makirufo, wayarsa, ko ƙaramar kwalbar farko, galibi 12AX7. In ta ci gaba, yana can ciki. Kafin ka zargi kowa, ka roƙi mai jawabi ya nisantar da wayar salularsa, domin wannan tit-tit-tit ɗin da ke zuwa gab da shigowar kira daga aljihunsa yake fitowa.

In kuwa murɗawar ce ke kawo ƙara, ƙurar hunturu ce ta tare a maɓallin. Akwai ruwan feshi na musamman da ake wanke shi da shi. Man gyaɗa na ƙosai ne, a bar shi a madafa. Ka leƙa kuma ko zanzaro ya yi gini, ko kyankyasai sun kama haya saboda ɗumi.

Kwalabe fa? Ka kashe, ka zare wuta, su huce, ka cire kowacce ka mayar, don ƙafafunsu kan yi datti a soket. In za ka sauya, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sauya duka lokaci guda ya yi asarar kuɗi, kuma har abada ba zai san mai laifin ba.

Nan kuma raha ta tsaya. Manyan kafasito na irin wannan na'ura suna riƙe wutar da kan haura bolt 300, ko bayan an kashe ta an zare waya, kuma tana kisa. Masu gyara kan ƙwanƙwasa sassan ciki da busasshen tsinke, ɗaya hannun a aljihu, har su ji inda ƙarar ke amsawa. Ba sa amfani da fensir, saboda baƙin da ke cikinsa yana ɗaukar wuta. Sau da yawa wani liƙin dalma ne ya tsage, sai na'urar ta ɗauki zafi tsagar ta buɗe. Shi ya sa ƙarar ke jiran taro ya cika. Kada kuma ka kunna ta babu lasifika a jone don neman shiru, taransifomarta za ka ƙone.

In ba ka iya sauke wutar kafasito ba, ɗan'uwa, kada ka buɗe murfin. Ka ɗauki ƙarar a wayarka, ka lura ko bayan minti nawa take farawa, da wutar NEPA ne ko da janareto, ka kai wa mai gyara ranar Juma'a in za ka ci kasuwar Wudil. Ko ta yi shiru a gabansa, shaidarka na hannunka.