Yadda Ake Hawan Dala Ta Ɓarauniyar Hanya

Samarin Fagge da na Sabon Gari, na ji kuna cewa matakalar Dala ta 'yan makaranta ce da baƙi, ku ta gefen dutse za ku hau. To bismillah, ga yadda ake yi.

Sammako za ka yi, don ranar Kano ba ruwanta da gwanintarka. Cika gora da ruwa, takalmin Sallah kuma a bar shi a gida. Adaidaita sahu ta ajiye ka Ƙofar Mazugal, ka sallami mai ita, ka faɗa lungu da ƙafa.

Nan fa ɓarauniyar hanyar take. Lungu ya rabu biyu, ya sake rabuwa, kana hango dutsen ta saman soraye, sai ka ɓulla zauren wani. Taswirar wayarka za ta rikice, mayar da ita aljihu. Yi sallama ga dattijon da ke kan tabarma, ka rusuna: “Baba, don Allah ina hanyar Dala?” Sai ya ji ɗan gidan wa ne kai kafin ya nuna. Ka amsa da ladabi, zai haɗa ka da yaron da ya fi tauraron ɗan Adam sanin gari.

Da ka isa gindin dutsen, kada ka yi garaje. Kama jar marmarar nan ka murza, ka ga yadda take marmashewa a tafinka. Tamar cikinta ce ta zaunar da maƙera a nan tun wajen ƙarni na 7, kuma kowace damina sai ta zaizayi rabonta. Waiwaya ƙasa: rufin kwano ne da tsakar gidajen mutane, duk tsakuwar da ƙafarka ta ture kan wani za ta sauka.

Sannan ka dubi damtsenka. Barbushe da ya zauna a kan dutsen nan yana hidimar Tsumburbura, an ce da sanda yake kashe giwa, ya ɗauko ta a ka. In ka taɓa yin haka, hau ta inda ka ga dama. In kuwa buhun shinkafa a Kasuwar Singa sai ka kira ɗan dako, to Asibitin Ƙashi na Dala ba nisa, amma majinyatan da ke can sun ishe su.

Saura abu ɗaya: ka zagaya ka bi matakala. In numfashi ya ɗauke, tsaya ka ce kallon gari kake. A sama kana kan mita 534 daga doron teku, ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga Faggen taka can gabas.

Don Allah in za ka sauko, ka sauko da ledar ruwanka, ka haɗa da wadda ka tarar.